Ka Ko Ki? Darasin Fassarar Fim Daga Harshen Kilingon

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage shi)

Wannan shiri naku ne, masu sauraronmu na cikin garin Gombe da kewaye, daga Jekadafari zuwa Pantami, daga Bolari zuwa Tudun Wada, da waɗanda muryarmu ke iskewa a Kumo da Dukku da Deba da Billiri. 

Shirinmu na yau wata tambaya ce ta haife shi. Ɗan yayata ne ya yi mini ita, yaro ɗan aji biyar a sakandare. Idan an tashi makaranta yakan zauna a shagon wani abokin wansa, irin shagunan nan da ake tura wa mutane fina-finai a waya. Yau da gobe, sauraron fassarar fina-finan Indiya ya shiga jikinsa, har ya fara yanko gajerun wurare daga fim yana ɗora musu muryarsa da Hausa. Ran nan ya same ni da waya a hannu, ya ce: “Kawu, ga jarumin nan yana magana da wani a bayan ƙofa, ba a nuna ko wane ne ba. Rubutun Turancin da ke ƙasa bai bambance ba. In ce na gan ka, ko in ce na gan ki?”

Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin duk wanda ya yi ta ya taka ƙofar fassara ta gaskiya. Turanci yana da kalma guda da yake jifan kowa da ita, namiji ko mace, mutum ɗaya ko taro, yaro ko dattijo. Hausa ba ta yarda da haka ba. Kafin ka buɗe baki sai ta tilasta maka ka san da wa kake magana: kai ne, ke ce, ko ku ne. Abin da harshen farko ya rufe, harshen biyu ya ce sai an buɗe, kuma mai fassara ne zai ɗauki nauyin buɗewar.

Mu a nan Arewa mun daɗe da fim ɗin Indiya. Iyayenmu sun kalle shi a gidajen silima ba tare da sun ji Indiyanci ba, suna bin labari da ido da zuciya. Daga baya aka samu masu ɗora murya, irin su kamfanin Algaita na Kano, jarumin Indiya ya koma yana zuba Hausa kamar a Fagge aka haife shi. Da yawa daga waɗannan fina-finai ma daga kudancin Indiya suke, an yi su da harshen Telugu ko Tamil, don haka kafin magana ta iso kunnen mai kallo a Tashar Dukku, wataƙila ta ratsa harshe biyu ko uku. Yanzu kuma waya ta sauƙaƙa aikin, yara irin ɗan yayata suna gwada sa'arsu. Domin su na shirya wannan zance, kuma zan ɗauko misalaina daga wani wuri mai nisa, daga wani harshe da babu uwar da ta taɓa shayar da ɗanta da shi.

Sunansa Kilingon. A shekarar 1966 aka fara nuna wani shirin talabijin a Amurka mai suna Star Trek, labarin jirgin da ke yawo tsakanin taurari. A cikin labarin akwai wata al'umma ta mayaƙa da aka ƙirƙira, su ne Kilingon. Da farko Turanci suke yi kamar kowa. A fim ɗin Star Trek na 1979 aka ɗan sa musu wasu 'yan kalmomi da ɗan wasa James Doohan ya haɗa. Da aka zo fim na uku, wanda ya fito a 1984, sai kamfanin da ke shirya fim ɗin ya ɗauko masanin harshe, Marc Okrand, aka ce ya gina musu harshe sukutum, da sautukansa da nahawunsa. Mutumin nan ba da ka ya yi aikin ba. Digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya yi shi ne a kan Mutsun, harshen wasu 'yan asalin Amurka wanda mai jin sa ta ƙarshe ta rasu a 1930. A 1985 ya fitar da ƙamus da bayanin nahawun Kilingon. A 1992 Lawrence Schoen ya kafa cibiyar nazarin harshen, a 2018 kuma manhajar koyon harsuna ta Duolingo ta fara koyar da shi.

Mai sauraro zai ce, to mu ina ruwanmu? Ga ruwanmu. Kusan duk wanda ya fara koyon wannan harshe, abin da yake ɗoki shi ne ya ɗauko wata magana da ya haddace daga fim ya juya ta zuwa Kilingon. Kuma tun da Okrand da gangan ya gina harshen ya saɓa wa Turanci ta kowace fuska, kurakuran ɗan koyo sukan fito fili tsirara. Idan muka dube su da kyau, za mu ga namu.

Mu fara da jerin kalmomi. A Hausa mukan ce uba ya ga yaro: aikau a gaba, aikatau a tsakiya, karɓau a ƙarshe. Turanci ma haka, Fulatanci ma haka. Indiyanci, wato Hindi, yakan ajiye aikatau a can ƙarshe, kamar a ce uba yaro gani. Shi kuwa Kilingon juya abin ya yi gaba ɗaya. Karɓau ne a gaba, aikau a baya. Kalmar yaro ita ce puq, gani legh, uba vav. Idan aka ce puq legh vav, uban ne ya ga yaron. Ɗan koyon da ya jera kalmomin yadda ya saba, ya ce vav legh puq, jimlarsa daidai take a nahawu, babu wanda zai ce ya yi kuskure, amma ya faɗi kishiyar abin da yake nufi: yaron ne ya ga uban. Ku ɗauka a fim maganar kisa ce ko ta yafiya. Wanda aka kashe ya koma makashi. Okrand ya zaɓi wannan jeri ne domin yana cikin mafi ƙaranci a harsunan duniya.

Irin wannan juyin ba ya yawan kama mai fassara zuwa Hausa, amma ɗan'uwansa yana kama shi kullum. Turanci yana son jimlar da ke sa wanda aka yi wa abu a gaba, ta tura wanda ya yi zuwa baya. Sai ka ji yaro ya bi ta sawu da ƙafa ya ce, an kashe mahaifina ta hannun sarkin daba. Bahaushe ba ya magana haka. Cewa zai yi, sarkin daba ne ya kashe mahaifina. Ɗan ƙaramin “ne” ɗin nan, wanda malaman nahawu ke kira dirka, shi ne yake nuna yatsa. Da shi da “ce” Hausa take yin abin da wasu harsuna ke yi da ɗaga murya ko juya jimla.

Wannan ya kawo mu ga labarin da na fi so a tarihin Kilingon. Lokacin da Okrand ke gina harshen, ya yanke shawarar ba zai sa masa aikatau irin na Turanci mai nuna kasancewa ba, wanda ake cusawa tsakanin mutum da sifarsa. Idan Bakilingone zai ce shi mayaƙi ne, wakilin suna ne yake ɗaukar wannan aiki. Idan zai ce abu babba ne, ita sifar da kanta aikatau ce, kamar yadda mu ma mukan ce ya tsufa, ta warke, ya bushe. Ana nan sai aka zo fim na shida a 1991, aka buƙaci a fassara shahararriyar maganar nan ta wasan Hamlet na Shakespeare, wadda gaba ɗayanta a kan wannan aikatau na kasancewa aka gina ta. Wanda ya haƙa rijiya shi ya fara leƙa ta. Okrand ya fara kawo kalmar rayuwa, domin ainihin abin da mai maganar ke aunawa ke nan, ya rayu ko ya mutu. Ɗan wasan da zai furta, Christopher Plummer, ya ce sautin bai yi masa kaurin da ya dace da mayaƙi ba. Sai Okrand ya koma ga wata kalma, taH, mai ma'anar ɗorewa ko ci gaba. Da ita aka yi fim ɗin. Daga baya mambobin cibiyar harshen suka fassara wasan Hamlet ɗin ɗungurungum.

Ku lura da abin da mutumin ya yi. Bai ƙirƙiro sabuwar kalma don ya kwaikwayi Turanci ba, alhali harshen nasa ne, babu mai hana shi. Tambayar da ya yi ita ce, me wannan mutum yake nufi, kuma yaya mai wannan harshe zai faɗe shi? Mu ma a gida muna da waɗanda suka yi wannan aiki tun kafin a haifi harshen Kilingon. Abubakar Imam, lokacin da yake aiki da Rupert East a Zariya, ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa da Indiyawa ya zuba su cikin Magana Jari Ce, wadda ta fara fitowa a 1937, kuma har yau yaro zai karanta ya rantse a ƙasar Hausa abin ya faru. Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da wani wasan Shakespeare zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Ɗan fassarar fim na yau jikan waɗannan mutane ne, ko ya sani ko bai sani ba, kuma ina so ya sani.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kamo mu, muna magana ne a kan wahalhalun nahawu da mai koyon fassarar fim ke cin karo da su, muna aro misalai daga harshen Kilingon.

Mu koma ga tambayar ɗan yayata, ta ka da ki. A nan Kilingon ya fi Hausa sauƙi ta wani gefe, ya fi ta wuya ta wani. Ba ya bambance namiji da mace ko kaɗan: kalma ɗaya ce, ghaH, take nufin shi ko ita. Amma yana da wani tsari na ɗafa-goshi da ke haɗa mai yi da wanda aka yi wa a gaɓa guda. Gaɓar qa a gaban aikatau yana nufin ni ne na yi maka, cho yana nufin kai ne ka yi mini. Wato qalegh, na gan ka. Shi kuma cholegh, ka gan ni. Irin waɗannan gaɓoɓi sun haura ashirin, kuma dole a haddace su. Sannan a bayan aikatau akwai rukunin ɗafa-ƙeya har tara, a bayan suna akwai biyar, kowanne da gurbinsa, ba a sa na uku kafin na biyu.

Wani bambancin da Kilingon ya damu da shi, shi ne tsakanin mai magana da marar magana. Jam'in mutane dabam, jam'in gaɓoɓin jiki dabam, jam'in sauran abubuwa dabam. Haka ma mallaka. Idan za ka ce ubana, akwai ƙarshen da ake sa wa mai hankali da magana. Idan ka kuskure ka sa wanda ake sa wa wuƙa ko takalmi, ka zagi mahaifinka. Wanda ya tashi da Fulatanci a nan Gombe ba zai yi mamakin wannan ba, domin harshensa ya kasa sunaye aji-aji sama da ashirin: na mutum dabam, na saniya dabam, na ruwa dabam, kuma sifa da wakilin suna dole su bi ajin. Bafulatani yana da wani abin kuma da Hausa da Turanci duk ba su da shi. Idan ya ce min, yana nufin mu ban da kai da nake yi wa magana. Idan ya ce en, har da kai. To a ce jarumi ya dubi abokin gabarsa ya ce za mu mutu yau. Da Hausa an wuce wurin. Mai fassarawa zuwa Fulatanci sai ya tsaya ya san ko da abokin gabar a cikin mutuwar.

Shi ya sa nake ganin yaran garin nan suna da wata baiwa da ba su san darajarta ba. A aji guda za ka tarar da mai jin Tangale, da mai jin Tera, da mai jin Waja, da mai jin Bolanci, da mai jin Fulatanci, kuma Hausa ta haɗa su duka. Yaron da yake yi wa kakarsa tafinta a asibiti tun yana ɗan shekara goma ya riga ya san cewa harsuna ba sa yanka nama a gaɓa ɗaya. Abin da Ba'amurke ke biyan kuɗi ya koya ta hanyar harshen ƙirƙira, shi a tsakar gida ya tsince shi.

Yanzu ga inda Hausa take da arzikin da masu koyon fassara suke bari yana zubewa, kuma a nan zan ɗan daɗe. Ku saurari waɗannan: ya sayi doki, ya sayo doki, ya sayar da doki, ya saye dawakin, dokin ya sayu. Saiwa ɗaya ce, amma wasalin ƙarshe da karin sauti suna sauya labarin kowane karo. Wani masani Bature, F. W. Parsons, ya kasa waɗannan siffofi gida bakwai a 1960, kuma har yau da rabonsa ake koyarwa a jami'o'inmu. Ɗauki wasalin “o” kaɗai. Fita da fito, shiga da shigo, sauka da sauko, kai da kawo. Wannan “o” yana gaya maka inda mai magana yake tsaye. Idan jarumi yana waje yana kiran ɓarawon da ya ɓuya a ɗaki, fito zai ce. Idan yana cikin ɗakin tare da shi yana korar sa, fita zai ce. Na sha jin yara sun musanya su, saboda idonsu yana kan rubutun Turanci, bai koma kan hoton ba. Mai kallo ba zai iya gaya maka dokar da aka karya ba, amma zai ji wani abu ya yi masa tsaye a kunne.

Kilingon ma yana da irin wannan lura, ta wata fuskar. Ba ya nuna jiya da yau da gobe a jikin aikatau, sai dai ya nuna ko aiki ya kammala ko yana gudana, abin da ya yi kusa da yadda Hausa ke tafiya. Idan na ce gobe war haka na isa Yola, ai “na isa” ba jiya take nufi ba, kammaluwa take nufi. Amma Kilingon ya ƙara da raba kammaluwa biyu: aikin da ya auku kawai, da aikin da aka ƙudura aka kuma cim ma. Ɗan koyo yakan ɗauki ɗaya ya yi ta liƙa wa duk abin da ya wuce, sai ya mai da hatsari ganganci. Mu ma muna da wannan bambanci, da namu kayan aikin. Na fasa tulun dabam, tulun ya fashe a hannuna dabam. A gaban alƙali, a fim ko a zahiri, tazarar da ke tsakaninsu tana iya zama tazarar ɗauri da sallama.

Akwai kuma abin da ya wuce nahawu ya shiga ɗabi'a. An gina Kilingon a matsayin harshen mutanen da ba su da lokacin gaisuwa. Abin da ya fi kusa da sallama a wurinsu, nuqneH, ma'anarsa me kake so. Ka kwatanta da mu, da za mu tambayi kwana da gajiya da iyali da sanyi kafin mu faɗi abin da ya kawo mu, ko Bafulatanin da zai jera maka jam har sai ka zauna. Ƙamus ɗin Okrand bai zo da aikatau na so irin na masoya ba, don haka masu koyo sukan ɗauki kalmar ƙi su liƙa mata ɗafa-ƙeyar warwarewa, wato kishiyar ƙi. Mu kuwa muna da so, muna da ƙauna, muna da bege, kuma muna da kunyar da ke hana a furta ko ɗaya a gaban manya. Matar fim ɗin Amurka tana kiran mijinta da sunansa tsirara. Idan ka bar shi haka a bakin dattijuwa da Hausa, ka sauya mata hali, ka mai da ita marar ta ido, alhali a fim ɗin mutuniyar kirki ce. Malam, ko maigida, ko baban wane, shi ne zai riƙe mata mutuncinta. Indiyanci ya fi kusa da mu a nan, domin yana da hawa uku na kiran wanda ake magana da shi: tu, da tum, da aap, na ƙarshen shi ne na girmamawa. Turancin da ake rubutawa a ƙasan hoto yakan niƙe ukun su zama gari ɗaya. Wanda ya dogara da rubutun kaɗai ba zai ji lokacin da ɗa ya sauko daga aap zuwa tu a gaban ubansa ba, alhali nan ne fim ɗin ya karye biyu.

Wata 'yar magana a kan rubutu, ga masu sa fassara a ƙasan hoto. A Kilingon ƙaramin harafin q da babbansa sautuka biyu ne mabambanta, kuma alhamza baƙi ce cikakkiya, kamar yadda take a sa'a da jama'a. Wanda ya yi sakaci da su ya sauya kalma. Haka ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ take a wurinmu. Kafa dabam, ƙafa dabam. Bata dabam, ɓata dabam. Wayoyin yanzu suna da allon rubutun Hausa, a sauke shi a yi amfani da shi.

Saura batun leɓe. Hausa takan fi Turanci tsawo, jarumi ya rufe baki kai kana tsakiyar jimla. Okrand ya san wannan ciwo, domin aikinsa na farko a Star Trek, a fim ɗin 1982, shi ne ya ƙirƙiro kalmomin wani harshen da za su hau kan leɓen 'yan wasan da aka riga aka ɗauka suna Turanci. Shawarata ga mai koyo ita ce ya rage kalma, kada ya ƙara gudu. Hausa tana da gajerun kalmomi masu nauyi, irin su dai, fa, kam, ma, ai, mana. “Zo mana” da “zo fa” da “zo dai” umarni uku ne da fuska uku: lallashi, gargaɗi, da ƙosawa. Kalma ɗaya tak, ta yi aikin da dogon bayani zai yi.

Shi kuwa ɗan yayata, abin da na ce masa shi ne ya ajiye guntun da ya yanko, ya koma ya kalli fim ɗin daga farko, ya kuma kasa kunne ga muryar jarumin, ya bar rubutun. Bayan kwana biyu ya dawo. Ya ce: “Kawu, ashe surukinsa ne a bayan ƙofar, kuma na ji ya ce aap.” Na ce to me za ka sa? Ya yi shiru kaɗan, ya ce: “Baba, ai na gan ku.” Haka ya ɗora, kuma ya hau kan leɓen daidai.

A mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu ɗauki karin magana da habaici: yadda ake yi da su idan jarumi ya jefo wanda babu irinsa a Hausa. Wanda yake da wata jimla da ta gagare shi, da Hausa ko Fulatanci ko Tangale ko Tera, ya aiko mana, za mu warware ta tare a kan iska.  

(Kiɗan rufe shiri)